Darasi: Sanin tsuntsayen tabkin Madarumfa don kare kiwonmu

'Yan'uwa makiyaya da mambobin ƙungiyoyi, darasinmu na yau a kan tsuntsaye ne. Wani zai ce ina ruwan mai shanu da tsuntsu? Amsar tana bakin tabkin Madarumfa. A nan dabbobinmu ke shan ruwa, a nan agwagin gida ke iyo, kuma a nan tsuntsayen daji ke sauka. Idan aka ga mataccen tsuntsu, tambayar farko da ma'aikacin kiwo zai yi ita ce: wane iri ne? Wanda ya amsa daidai ya rage rabin aiki.

Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a jihar Kaduna ta Najeriya, kuma kafin watan ya ƙare aka same ta a jikin agwagin gida a Magarya, jihar Damagaram. Tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da sun nuna alama ba, su bar ta cikin kashinsu a ruwa. Cutar tana iya kama mutum. A watan Maris na 2024 ma an same ta a jikin shanun tatsa a Amurka.

Mataki na farko: girma

Kada ku fara da launi, domin daga nesa launi yana ruɗin ido. Ku auna tsuntsun da abin da kuka sani a gida: ya kai tantabara, ko kaza, ko agwagwa, ko talo-talo? Daga nan ku dubi tsawon ƙafa da wuya da siffar baki.

Mataki na biyu: gashi da alamu

Masu dogayen ƙafafu. Balbela fara ce, bakinta rawaya, jikinta bai kai na kaza ba, kuma ita ce mai bin shanu tana cin fara. Da damina kanta da ƙirjinta kan yi ja-ja. Zalɓe ya fi ta girma nesa, launin toka, yana tsayuwa shi kaɗai a bakin ruwa. Shamuwa baƙa ce da farin ciki. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa cikin gari, ta koma kudu bayan ruwa ya ɗauke.

Dangin agwagwa, waɗanda su ne abin lura na farko. Kirinjijiya ba ta kai agwagwar gida ba. Fuskarta fara, ƙeyarta baƙa, ƙirjinta ja, tana tashi garke-garke da kuka kamar fito. Dani fari ne a ciki, bayansa baƙi, kai da wuya da ɗigo-ɗigo, namijin yana da ƙululu a kan baki. Dinya ta fi su duka girma: baƙa da farin ciki, baki ja, da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike. Da sanyi kuma ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa kan zo yankin Sahel daga Turai da Asiya, su koma wajen watan Maris. Agwagwar gida ana gane ta da jan tsiro a fuska da nauyin tafiya.

Masu kama da juna. Zabin daji duk launinsu ɗaya, toka mai duhu da fararen ɗigo. Na gida kuwa akwai fari, akwai mai farin ƙirji. Hasbiya tana da jan da'ira kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, launinta ba ya sauyawa, amma tantabarar gida launi-launi ce.

Masu cin mushe. Hankaka baƙi ne da farin ƙirji. Shirwa ruwan ƙasa ce, wutsiyarta a rabe. Ungulu kanta ba gashi sosai. Idan waɗannan suka fara mutuwa, ko sun ci mai cuta ne, ko an sa guba. Duka biyun abin kai rahoto ne.

Abin da za a yi

Idan kuka ga matattun tsuntsaye, musamman da yawa wuri ɗaya, kada ku taɓa da hannu, kada ku yanka na magashiyan, kada yara su ɗauka. Ku kore dabbobi da karnuka daga wurin. Ku ɗauki hoto da salula, sannan ku gaya wa ma'aikacin kiwo mafi kusa abu huɗu: irin tsuntsun, yawansu, wurin, da ranar.

A gida, ku lura da mutuwar kaji farat ɗaya, kumburin kai, tukku da ya yi duhu, jan jini a ƙafa, ko karkacewar wuya. Waɗannan alamu suna kama da na cutar Newcastle, wadda ke share kaji da hunturu. Ido ba ya raba su, sai gwaji a Labocel, ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Yamai. Newcastle tana da rigakafi mai araha, don haka a yi wa kaji kafin shigowar sanyi.

A raba makwancin agwagi da na kaji. A ba su ruwan rijiya maimakon na tabki. Tsuntsun da aka sayo daga kasuwa a keɓe shi kwana 21 kafin ya shiga cikin sauran. A tafasa madara kafin sha.

Aikin ƙungiya: kafin taro na gaba, kowane mamba ya zo da sunayen tsuntsaye biyar da ya gani a mashaya, da girmansu da launinsu. Sakatare ya rubuta su a littafi tare da kwanan wata, don mu san wanda ya saba zuwa da wanda yake baƙo.