Rauta ɗaya, zango biyu: yadda za ka ɗora laftof a kan mai sauri

Wani mai shagon kwamfuta a Dingaya, ƙaramar hukumar Gwaram, ya aiko da wannan tambaya. Shi da maƙwabtan shagonsa ne ke haɗa kuɗi suna saka wa rauta ɗaya data. Wayoyin samari na gudu a kanta, amma laftof ɗin da yake cike wa mutane fom da ita sai jan ƙafa take yi. An ce masa rautar tana da "5G", ga shi kuma laftof ɗin ba ta ko ganinsa.

Malam, rautocin zamani da yawa suna watsa wayfay a zango biyu, kamar rediyon da ke da gajeren zango da matsakaicin zango. Ɗaya shi ne 2.4 GHz, ɗayan 5 GHz. Na biyun shi ake rubuta wa "5G" a ƙarshen sunan wayfay, kuma ba shi da wata alaƙa da sabis ɗin 5G da MTN ya ƙaddamar a Najeriya a 2022.

Zangon 2.4 yana kai wa nesa, yana ratsa bango, amma cunkoso ne ke damunsa. Tashoshi uku kacal gare shi da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. A nan tsofaffin wayoyi suke, da Bluetooth, da hotsifot ɗin duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shago. Zangon 5 yana da tashoshi masu yawa, yana ɗaukar kaya da sauri, sai dai ƙarfinsa na raguwa da wuri. Katangar ƙasa mai kauri ko ƙofar ƙarfe ta isa ta raunana shi.

Ka fara da tabbatar da cewa laftof ɗin tana iya kama shi, domin da yawa daga cikin na hannu masu araha da ake kawo mana 2.4 kaɗai suka sani. A Windows ka buɗe Command Prompt, ka rubuta netsh wlan show drivers, ka duba layin Radio types supported. In ka ga 802.11a, ko ac, ko ax, tana iyawa. In b da g da n kaɗai ka gani, ba za ta iya ba, kuma babu saitin da zai canza hakan. Kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai sake mata Windows ta gyaru. Maganin shi ne ƙaramar na'urar wayfay ta USB da aka rubuta Dual Band ko AC a jikin kwalinta. Ana samunta a kasuwannin kayan kwamfuta irin na titin Beirut a Kano. Na fi son wannan a kan sauya katin cikin laftof, saboda wasu tsofaffin HP da Lenovo ba sa karɓar katin da ba nasu ba.

In kuwa tana iyawa amma ta nace wa 2.4, galibi rautar ce ta haɗa zangunan biyu da suna ɗaya, ta bar wa na'ura zaɓi. Ita kuwa laftof sau da yawa wanda ya fi ƙarfin sigina take bi, ba wanda ya fi sauri ba. Ka shiga Device Manager, ka buɗe Network adapters, ka zaɓi katin wayfay ɗin, ka je Advanced. In akwai Preferred Band, ka mayar da shi kan 5 GHz. Ba kowane kati ke da wannan ba.

Abin da ya fi tabbas shi ne raba sunayen a cikin rautar. Adireshin shiga da kalmar sirri yawanci suna manne a ƙasanta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ka kashe abin da ke haɗa zangunan, wanda wasu kamfanoni ke kira Smart Connect, ka ba kowanne sunansa, sannan ka sa laftof ta manta da na 2.4. In har yanzu ba ta ga na 5 ba, ka tsayar da tasharsa a kan 36 ko 40 ko 44 ko 48, don waɗannan ne kusan kowane kati ke gani.

Amma tunda rautar ta haɗaka ce, ka nemi yardar abokan tarayyarka tukuna. Canza suna zai yanke kowa a lokaci guda, har da mai POS da ke tsakiyar tura kuɗin wani. Kuma kada ka kashe 2.4 gaba ɗaya, domin ƙananan wayoyi da na'urori da yawa da shi kaɗai suke aiki.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don a nan mutane ke asarar kuɗi. Zangon 5 yana gyara tsakanin laftof da rauta ne kawai. A garuruwanmu na Gwaram da Birnin Kudu, intanet ɗin shaguna kusan duk ta layin waya yake shigowa rauta, daga turken sabis. In abin da ke zuwa daga turke kaɗan ne, ko mutum goma sha suna rabonsa, rabinsu na kallon bidiyo, to ko ka hau zangon 5 fom ɗin zai ci gaba da juyawa. Don haka kafin ka sayi komai, ka ari wayar da ke kama zangunan biyu, ka tsaya kusa da rautar, ka auna gudun intanet a kowanne ta shafin fast.com. Ka gwada da sassafe, ka sake gwadawa bayan magariba lokacin da gari ke kan layi. In zangon 5 ya ba na 2.4 rata sosai, aikin da na bayyana zai biya ka. In sun zo kusan daidai, matsalar daga waje take. Sai ka ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke fuskantar turke, ka nisanta ta da rufin kwano, ko ku gwada layin wani kamfani.

Tunda laftof ɗinka a tebur ɗaya take wuni, ka leƙa bayan rautar. In akwai ramin LAN, ka sayi igiyar intanet mai tsawon da zai kai teburinka, ka jona kai tsaye. Wannan ya fi zangunan biyu kwanciyar hankali, kuma ya rage wa maƙwabtanka cunkoso a wayfay ɗin.