Jinyar Iyaye Lokacin Gashin Ciwon Daji

Idan likita ya ce za a kai mahaifinku ko mahaifiyarku gashi, kalmar kanta tana ba da tsoro. Ku kwantar da hankalinku, babu wuta a ciki. Na'ura ce take aika wani haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, daidai wurin da ciwon dajin yake. Ba a jin zafi sa'ad da ake yi. A Nijar, tun shekarar 2021 ake yin gashin a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai.

Me ake nema da gashin?

Akwai gashin warkarwa, akwai kuma na kawo sauƙi. Wannan darasi a kan na biyun yake. Idan ciwon ya riga ya bazu, ya kai ƙashi ko wani wuri, gashi ba zai kawar da shi ba. Amma yana iya rage ƙarin, ya rage zafi, ya tsayar da zubar jini. Tsoho ya samu barci, ya ci abinci, ya zauna da jikokinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ku sayar da sa ko gona, ku tambayi likita kai tsaye: "Wannan gashin na warkarwa ne, ko na sauƙi?" Sa'an nan ku gaya wa majiyyacin gaskiya a hankali, ku ji ra'ayinsa. Jikinsa ne, shi ke da magana.

Kafin tafiya

Ku tambayi sau nawa za a yi. Gashin sauƙi ba ya daɗewa: wani sau 1 kawai, wani sau 5, wani sau 10. Ku shirya masauki da guzuri. Ku ɗauki takardun asibiti duka, da hotunan da aka ɗauka, da magungunan da yake sha. Ku zaɓi ɗan rakiya wanda majiyyacin ba ya jin nauyinsa. Uwa takan fi sakewa da ƴarta.

Ranar gashi

Za a yi alama a fatarsa don na'ura ta san wurin. Kada ku goge ta. Zai kwanta shi kaɗai a ɗakin na ƴan mintoci, ma'aikata suna kallonsa daga waje. Ku faɗa masa haka tun da wuri don kada ya firgita. Hasken wannan na'ura ba ya zama a jiki. Ku ci kwano ɗaya da shi, jikoki su hau cinyarsa, ba abin da zai same su. Ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa.

Bayan an dawo gida

Sauƙi ba ya zuwa nan take. Yakan ɗauki mako 1 zuwa 4. Wani ma zafin yakan ƙaru a kwanakin farko, sa'an nan ya lafa. Wannan ba alamar gashin ya ɓaci ba ce. Ya ci gaba da shan maganin zafi a kan lokacinsa, kada a jira sai ciwo ya tashi. Maganin zafi mai ƙarfi yana ɗaure ciki, don haka ku gaya wa likita in bayan gida ya yi wuya.

Gajiya za ta zo. Ku bar shi ya huta, ku rage masu zuwa dubiya.

Fatar wurin tana iya yin duhu, ta bushe, ko ta yi ƙaiƙayi. Ku wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi, ba da soso ba. Ya sa tufa mai laushi, ya kare wurin daga rana. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya. Kada a shafa komai sai abin da asibiti ya yarda.

Ku ba shi abinci kaɗan kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, romo. Kada ku tilasta masa. In zawo ya zo, ku ba shi ruwan gishiri da sukari.

Ku kawo shi asibiti ba jinkiri idan:

- ƙafafunsa sun yi sanyi ko sun mutu, ko tafiya ta gagara
- fitsari ya tsaya, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida
- jini yana zuba da yawa
- zazzaɓi ya kama shi, ko hankalinsa ya rikice
- amai ya hana shi shan ruwa

Ku ma ku kula da kanku

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba jinyar tsakanin ƴan'uwa: wannan ya kwana, wancan ya dafa, na nesa ya aiko da kuɗi. Mai jinyar da bai yi barci ba, shi ma ciwo zai kayar da shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin gashin warkarwa da na sauƙi?
2. Waɗanne alamu ne za su sa ku koma asibiti nan da nan?
3. A gidanku, wa zai karɓi mai jinya in ya gaji?