Ga Samarinmu Masu Goge da Badujala a Kafanchan

'Ya'yana, labarinku ya iso ni. An ce kun haɗa ƙungiya, masu goge irin na Turawa da masu busa da makaɗa, yawancinku kun taso ne a badujalar Boys' Brigade ko cikin mawaƙan coci, kuma kun ƙi tsayawa kan abin da kunne ya saba ji. Allah ya yi muku albarka. Ku ɗan ba tsoho kunne.

Na lura kun ɗauka ƙarfin hali shi ne a ɗauko Beethoven a aza wa jama'a. Ba na hana ku. A Kinshasa wani matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya kafa irin ƙungiyarku a 1994, lokacin da mutum da yawa ke karɓa-karɓa da goge ɗaya, in tsirkiya ta tsinke a ɗaura wayar birkin keke. Yau sun kai ga yin wasa har a Turai. Talauci ba zai zama hujjarku ba ke nan.

Amma akwai abin da ya fi wannan wuya, kuma yana ƙofar gidanku. Ku je Kagoro ranar 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, ku tsaya kusa da masu busa ƙaho. Kowane mabushi muryar da ke ƙahonsa ba ta da yawa, sai ya jira gurbinsa ya jefa ta, na kusa da shi ya karɓa, har waƙa ta tashi cikakkiya daga bakin mutane da dama. Wanda ya yi gaggawa ko ya makara ya ɓata wa kowa. Wannan horon ne madugunku yake ta fama ya koya muku da sanda a hannu, alhali kakanninku sun daɗe da iyawa ba takarda. Haka in lokacin bikin Tuk-Ham ya zo, ku nufi Kwoi. Ku kuma saurari tulun da iyayenku na Zumuntar Mata suke bugawa. Ni dai a ganina ba a yi wa matan nan adalci, don su ne suka riƙe kiɗan ƙasar nan a cikin coci. Da tsohuwar zuma ake magani. Fela Sowande ya gane haka tun 1944, da ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara wa gogen Turawa a kiɗansa mai suna African Suite. Marigayi Bala Miller ma a Kaduna ya zauna da babbar ƙungiyarsa yana waƙa da Hausa.

Sai dai kada ku ɗebi waƙa ba sallama. Wata ta makoki ce, wata ta farauta, wata ba a yin ta sai a lokacinta. Ku durƙusa gaban dattawa ku tambaya, ku faɗi sunan ƙauyen da kuka samo ta a gaban jama'a, in an samu ɗan kuɗi kuma ku tuna da masu ita.

Ranar wasa, ku fara da abin da mutane suka sani, sannan ku kawo baƙon abu, guda ɗaya ko biyu, bayan wani daga cikinku ya yi taƙaitaccen bayani da Hausa. Gara abu kaɗan da ya nuna da tarin ɗanye. Ku fara da wuri ku tashi kafin duhu, saboda masu komawa Zonkwa da Gidan Waya. Kun san halin hanya.

Garin nan na Kafanchan ya sha wahala tun rikicin 1987. Don haka kada wasanku ya tsaya cikin coci kaɗai. Ku nemi zauren da kowa zai shiga ba ɗar-ɗar, ku gayyato mai kalangu da mai algaita daga cikin gari, ku ba su kujera daidai da taku, ku biya su yadda kuke biyan kanku. In kun sa rana, ku aiko mini da yaro, zan zo in Allah ya yarda.