Burkin Bakin Bindigar Iska: Abin Da Bidiyon YouTube Ba Ya Faɗa

Duk matashin da ke yawan kallon bidiyon ƙere-ƙere a YouTube ko TikTok zai iya cin karo da Turawa suna ƙera wani ɗan bututu mai huda-huda, suna ɗaura shi a bakin bindigar iska. Shi ake kira burkin bakin bindiga. Ga ɗan Kaduna kuwa, nan take Panteka za ta faɗo masa a rai, tunda babu irin ƙarfen da ba a sarrafawa a can. Amma kafin ya ɗauki waya ya nufi wajen mai walda, ya kamata ya san abubuwa uku.

Na farko, aikinsa. A bindigar albarushi, iskar da ke biyo bayan harsashi tana ƙara ƙarfin bugun kafaɗa. Hudojin burkin suna karkatar da ita gefe, sai bugun ya ragu. Ita kuwa bindigar iska mai sifirin, girgizarta daga sifirin da fistan ɗin ciki take tasowa, tun harsashi bai fita ba. Don haka burkin ba ya maganinta, sai dai ya ƙara wa baki nauyi ko ya zama mariƙi wajen ɗanawa. A mai tankin matsattsiyar iska ne yake ɗan taimakawa, domin yana janye iskar da ke kaɗa harsashi.

Na biyu, haɗari. Harsashin da aka fi amfani da shi milimita 4.5 ne ko 5.5. Idan ramin ya kauce ko kaɗan, harsashi zai goge shi ya canza hanya, ko ya fasa na roba, ɓarɓashi ya shiga ido.

Na uku, doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka, ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba. Abin da yake wasa ne a Amurka, a nan yana iya kai matashi da mai waldarsa gaban alƙali.

Wanda ƙira ce ke burge shi, Tinkercad da FreeCAD kyauta ne. Ya zana mazaunin waya ko ƙafar kyamara, ya kai Panteka a fitar masa. Ilimin awon ɗaya ne, kuma wannan ana iya sayarwa a bainar jama'a.