Darasi: Baƙo a Unguwar Bompai

Idan an gama girbi, samari da yawa sukan tafi Kano cin rani. Wasu sukan nemi aiki a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai.

Bompai kashi biyu ce. Akwai wajen masana'antu, akwai kuma wajen gidajen zama. Wajen gidajen shiru yake. Katangu dogaye ne, ƙofofi a rufe. Mutum yakan yi tafiya mai nisa bai ga wanda zai yi wa sallama ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. To, idan babu wanda za a tambaya fa? A nan karatu yake rana. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai karanta sunan titi da lambar gida da kansa.

Ga abin da ya kamata baƙo ya kiyaye:

1. Ya fita da rana, ya koma masauki kafin magariba.
2. Ya rubuta adireshin masaukinsa, ya sa a aljihu.
3. Ya bi gefen hagu, yana fuskantar motoci. Tun 1972 motoci suke bin hannun dama a Nijeriya.
4. Kada ya leƙa gidan kowa, don kada a zaci ɓarawo ne.
5. Idan ya rikice, ya gai da maigadi, ya nuna masa takardar.

Tambayoyi:
Wane gefen titi mai tafiya a ƙasa zai bi?
Me baƙo zai sa a aljihu?