Kafin ka zuge jakar Makka

Ɗana, labari ya iso ni cewa sunanka ya fito cikin maniyyatan bana na ƙaramar hukumar Nasarawa. Alhamdu lillahi. Gumin da ka yi a kamfanin fata na Challawa, kana zuba adashin gata kaɗan-kaɗan, bai tafi a banza ba. Zauna mu yi maganar jaka.

Wannan titin Maiduguri da ya ratsa mana Hotoro, gabas ya nufa, kuma ta gabas kakanninmu suka bi da ƙafa, su keta Borno da Chadi da Sudan kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sai sun shekara bakwai. Guzurinsu bai wuce ƙullin gari da buta da sanda ba. Kai daga filin jirgin Malam Aminu Kano awa biyar ta ishe ka, don haka kada ka kwashi ɗaki ka ɗora wa kanka.

Fara da jakar wuya. Fasfo, katin rigakafin shawara da sanƙarau, kuɗin guzuri, da katin Nusuk idan an ba ka, nan za su zauna, kuma ba ta rabuwa da jikinka ko banɗaki za ka. Haraminka ka sa shi a jakar hannu. In jirginku Madina ya nufa, sai Zul Hulaifa za ka ɗaura, amma in Jidda ne kai tsaye zuwa Makka, a sama za ku ratsa miƙati, babbar jaka kuwa tana can ƙasan jirgi. Ka riƙi harami biyu, da ɗamara mai aljihu, da sabulu marar ƙamshi. Silifa kuma ka fara taka ta tun a nan gida. Sabon takalmi ya sha hana ƙato zuwa jifa.

Kada ka raina lema don kana Bakano. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mahajjata sama da 1,300 suka rasu. Ka tanadi lema da gorar ruwa. Maganin hawan jininka ya tafi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Ɗan yaji da ƙuli-ƙuli ba laifi, domin bakin Bahaushe yakan gaji da abincin baƙunta. Goro dai ka bar shi a Mariri, Saudiyya ta hana shiga da shi.

Ga shawarar da na fi so ka riƙe. Kada ka karɓi saƙon kowa. Wani zai zo da ƙunshi ya ce na ɗan'uwansa ne da ke Makka, ya haɗa ka da Allah. Ka ba shi haƙuri. A Disamban 2018 wata ɗaliba ta tashi daga nan Kano zuwa umara, miyagu suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, mai ɗauke da ƙwayar tiramadol. Sai da ta yi wata huɗu a tsare a Saudiyya kafin gaskiya ta fito. Ita ko karɓa ba ta yi ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Kai za ka haɗa kayanka, kai za ka kulle, ka tsaya a auna a gabanka, ka adana takardar shaidar jakar.

Wajen dawowa ma ka kama kanka. A baya an daɗe ana ba alhaji kilo 32 a babbar jaka da kilo 8 a ta hannu, amma ka tambayi jami'in alhazanku abin da aka ƙayyade bana. Zamzam lita 5 za a ba ka in kun sauka, kada ka cusa shi cikin kaya. Carbi da darduma kuwa akwai su jibge a kasuwannin Kano, ba sai ka ƙarar da kwanakin Harami a shagunan Makka ba.

Sai kayan da sikeli ba ya aunawa. Mai shagon bakin layi yana binka kuɗin shinkafa, je ka biya. Ka bar wa iyalinka abin cefane, ka rubuta wasiyya. Ƙaninka da kuka daina gaisawa tun rabon gado, ka taka har gidansa ka nemi gafara kafin a kira ku sansanin alhazai.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa karɓaɓɓe ne. In ka tsaya a Arfa, ka tuna da ni.