Sau Biyu Aka Rufe Mana Boda

Sana'ata fiton kaya a Magamar Jibiya: cike takardu da biyan kuɗin fito domin mota ta ƙetara zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ko ta shigo. Mai wannan aiki yakan ga abin da hukuncin Abuja ya haifar tun kafin rahoto ya kai teburin wanda ya yanke shi.

A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Niyyar ba ta da laifi, kuma ba wanda ya san gaibu. Amma a idonmu babbar hanya ta mutu, ɓarauniyar hanya ta samu kasuwa. Buhun da tirela ke ɗaukowa a biya masa fito ya koma bayan babur cikin daji. 'Yan dako da masu sayar da abinci a tasha suka zauna hannu rabbana. An buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020, tamu kuwa sai Afrilun 2022.

Ba a jima ba sojojin Nijar suka kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta sake rufe boda, ta yanke wa Nijar wuta, da zaton matsi zai sa sojojin su sauka. Ba su sauka ba. A Janairun 2024 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar, a Maris Shugaba Tinubu ya ce a buɗe bodar.

Shugaba na iya yin shawara mai kyau ƙaddara ta juya masa, wani kuma ya yi ta da ka ya dace. Mummunan sakamako kaɗai ba ya nuna wanne ne ya faru. Abin da ke nunawa shi ne a dubi me aka sani a ranar, wa aka tambaya, wa aka tsallake. Da an tambayi direba ɗaya a 2023, da ya faɗi cewa Jibiya da Maraɗi dangi ne, auratayya da gonaki sun haɗa su, shinge ba ya raba su, tsadar kaya kawai yake ƙarawa.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa da tasha, mu ma muna wannan halin, ko da a ƙarin kuɗin lodi ne. Ranar da kuka yanke hukunci, sakatare ya rubuta abin da kuke zaton zai biyo baya, da watan da za ku sake zama, da alamar da in kun gani za ku janye. In zaman ya zo, a fara jin ta bakin wanda ya ƙi amincewa tun farko, kuma kada a buɗe taron da neman mai laifi, don daga nan kowa bakinsa zai kama.